Mita Arba'in da Na Rage

Litinin, 4 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Yau shekara ashirin da shida cif da aka miƙo mini takardar sallama daga ofishin safiyo. Duk shekara sai na rubuta, kuma ba zan daina ba. Mita huɗu Darakta ya ce in ƙara wa filin wani mai tumbi a kan taswira, in zaftare daga filin makarantar da ke jikinsa. Na ce masa tef ɗina bai iya ƙarya ba. Ya ce to tef ɗin ya ci gaba da ciyar da ni. Ni na zo na ɗaya a ajinmu, ni aka ba lambar yabo a lissafin awon ƙasa, amma wanda ya gaji kujerata ko kusurwa bai iya ɗauka ba sai an riƙe masa hannu. Na ji an sa wa wani titi sunansa. Titin ma a karkace yake.

Ba wannan ya sa na buɗe sabon littafi ba.

Mai ɗakina, wadda duk unguwa ke kira Mai Katifa, wata huɗu ke nan ba ta taka shagonta ba. Shekara ashirin ta yi tana bugun auduga tana cusa katifa kafin soso ya kori auduga ta koma ɗinkin labule da zanen gado. Audugar ta tafi, amma ta bar mata tsaraba a ƙirji. Likitoci sun ce hanyoyin iska sun tsuke, kuma ba za su koma yadda suke ba.

Jiya Auta ta zo daga garin da take aiki, ta taho da kujera mai taya, sabuwa fil a leda. Uwar ta dubi kujerar kamar an kawo mata mushe.

"Umma, a tura ki ki je, a turo ki ki dawo. Mene ne a ciki?"

"Ranar da aka kai ni shagona a kan wannan, a ranar na sallama shi."

Mai ginin yana son ya san sunan wa zai sa a sabuwar takardar shagon kafin wata ya ƙare: nata, ko na Doguwa, telar da ta shekara goma sha tara a ƙarƙashinta. Suka yi ta kai ruwa rana ita da 'yarta har suka tsaya a kan magana ɗaya. In ta taka da ƙafarta daga ƙofarmu zuwa shagon kafin ƙarshen wata, makulli nata ne. In ba ta iya ba, ta miƙa wa Doguwa.

Ba wanda ya tambaye ni. Na saba.

Laraba, 6 ga Mayu, bayan azahar

Asibiti. An tura mu sashen motsa jiki, wurin wata mata ƙaƙƙarfa da agogo rataye a wuyanta. Ban riƙe sunanta ba, na sa mata Mai Agogo. Tana da baranda doguwa mai farin tayil, da robobi biyu ja masu tsini, ɗaya a kowane ƙarshe. Ta ce tsakaninsu mita talatin. Majinyaci ya yi ta kai da kawo har minti shida, ita tana ƙirga sawu, an maƙala masa wani abu a yatsa mai nuna iskar da ke cikin jini.

"Mama, ba tsere ba ne. In kin gaji ki tsaya, ki jingina, amma agogo ba zai jira ki ba."

"Ai bai taɓa jirana ba, 'yar nan."

Na zauna a benci ina kallo. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, ban taɓa zama na kalli tafiyarta ba. Takan tsuke leɓe ta fitar da numfashi a hankali kamar mai hura wuta, kafaɗu a sama, idonta a kan robar da ke gaba. Sau biyu ta dafa bango. Ba ta dube ni ko sau ɗaya ba, kuma na gode mata, domin ban san irin fuskar da zan yi ba.

Sawu takwas. Mita ɗari biyu da arba'in.

Da numfashinta ya dawo ta ba Mai Agogo labarin shagon. Na zaci za ta yi mata irin murmushin da ake yi wa tsofaffi. Ba ta yi ba. Ta zauna, ta tambayi ko hanyar tana da tudu, ko akwai wurin hutawa, ko har yanzu ana taɓa auduga a shagon. Sannan ta ce, "In kika ci tsawon hanyar a barandar nan cikin minti shida, ni da bakina zan ce ki je kullum. Mita nawa ce?"

Mai Katifa ta juyo. "Ga Safiyo nan zaune yana ɗumama muku benci. Ku ba shi aiki."

Alhamis, 7 ga Mayu, ƙarfe bakwai na safe

Na ɗauko tef ɗin ƙarfe daga ƙasan akwati. Na share shi da mai. Bai yi tsatsa ba, ya fi ni.

Daga dokin ƙofarmu zuwa famfon kan kwana, mita casa'in. Daga famfo zuwa bencin mai gyaran takalmi, ɗari da goma. Daga nan hanyar ta ɗan yi tudu har zuwa matakalar shagon, ɗari da arba'in. Na auna sau biyu, zuwa da dawowa, ina danne bakin tef da dutse, mai gyaran takalmi yana tambayata ko gwamnati ta tuna da ni ne. Mita ɗari uku da arba'in.

Na tarar da ita a bakin gado tana shaƙar maganinta. Ta ɗaga gira.

Na ce, "Ɗari uku."

Ta dube ni. Ta ce, "To, saura sittin ke nan. Sawu biyu."

Na mayar da tef cikin akwati. Ba zan ƙara rubuta komai a kan wannan ba.

Asabar, 9 ga Mayu, da yamma

Kujerar tana bayan ƙofa a ledarta. Ta ɗora mata kwandon wanki.

Litinin, 11 ga Mayu, ƙarfe biyu

Mun ga Likita. Matashi ne, ƙeyarsa ta fara sanƙo, yana magana yana zane a bayan takarda. Na shirya masa tambaya tun daga gida, don na gaji da masu farin kaya da ke ganin duk mai furfura jahili ne.

Na ce, "Likita, gwajin busa da kuka yi mata bara da na bana kusan ɗaya ne. Na ga takardun, na iya karatu. Bara tana zuwa kasuwa. Bana da kyar take kai famfo. In huhun bai canja ba, me ya canja?"

Ya ajiye biro. Ya ce, "Baba, wannan ita ce tambayar." Rabon da wani ya ce mini haka har na manta.

Ya ce ciwon a huhu ya fara, amma ba a huhu ya tsaya ba. Jiki ya daɗe yana yaƙi a ƙirji, dakarun da ya tara kuma ba su koma bariki ba, suna yawo cikin jini. Suna gajiyar da naman cinya, suna cinye shi sannu a hankali, suna rage cin abinci. Mutum ya ji tafiya na wahalar da shi sai ya zauna, zaman kuma ya ƙara cinye ƙafar. Ya ce sunan abin kumburi, kuma akwai awon jini da ke nuna shi. Ga mai lafiya lambar ba ta cika wuce biyar ba. Tata tara ce, kuma ta daɗe a haka.

"Ba zan ce miki shi kaɗai ne ba, Mama. Zuciya na da nata, shekaru na da nasu. Amma mun sha gani, in lambar nan ta hau, mitoci sukan sauka."

"Kumburi a ina?" in ji ta, tana duba hannuwanta. "Ni da awarwaro ke zame mini?"

"Irin wanda ido ba ya gani ne."

"Kumburi mai rage mutum. Allah mai iko."

Ya ce maganin da ya fi amincewa da shi ba a kwalba yake ba: ta ci abinci ko ba ta so, ta tashi ta zauna daga kujera sau goma safe da yamma, ta yi tafiya kullum, ta guji mura kamar yadda ake gudun wuta.

Talata, 12 ga Mayu, da hantsi

Ban yarda da abin da ba a iya sa wa tef ba. Tana zaune tana tsintar wake na durƙusa na danna mata idon sawu da yatsa, in ga ko zai lotsa. Bai lotsa ba.

"Malam, me kake nema?"

"Kumburin."

Ta yi dariya har tari ya kama ta, sai da na miƙa mata ruwa. Da ta samu kanta ta ce, "An ce maka ba a ganinsa. Kai da ya kamata ka fi kowa sani. Naka shekara ashirin da shida yana yawo a jini, kullum kana cika kana batsewa, ya cinye maka abokai, ya cinye maka fita, ko ɗaurin auren jama'a ka daina zuwa. Da an auna lambarka da injin ya fashe."

Na ce mata ba abu ɗaya ba ne. Ta ce ai ba ta ce ɗaya ba ne, ta ce 'yan gida ɗaya ne.

Na fita tsakar gida na yi kamar ina gyaran igiyar shanya.

Juma'a, 15 ga Mayu, bayan la'asar

Tashi, zauna, tashi, zauna. Tana ƙirgawa da ƙarfi, a na bakwai muryar takan ɓace, sai ta ci gaba da yatsu. Ta cika gorunan ruwa biyu tana ɗagawa. Tana cin ƙwai tana yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci. Daga ɗaki zuwa ƙofar gida mita goma sha ɗaya ne, ta yi sawu ashirin yau, ni ina zana mata layi da alli a bango.

Na yi aiki da maza a daji, masu ɗaukar kaya a ka cikin rana. Ban taɓa ganin wanda ya biya wa kowane taku abin da matar nan ke biya ba, kuma ba ta taɓa cewa an cuce ta ba. Audugar ma ba ta zaginta. Ta ce da ita aka yi wa yara makaranta lokacin da wani yake zaune yana rubuta wa ma'aikata wasiƙun ƙorafi.

Wanin ni ne.

Litinin, 18 ga Mayu, ƙarfe ɗaya

Sawu tara. Mita ɗari biyu da saba'in. Mai Agogo ta tafa mata. A mota Mai Katifa ta buga wa Doguwa waya ta ce a share mata kujerarta, saura sawu ɗaya.

Abin da ban faɗa ba shi ne wannan. Takuna santimita saba'in da biyar ne tun ina saurayi, mita talatin taku arba'in ke nan. Tun ranar farko ƙafata ta gaya mini barandar ba ta cika ba. Yau na sa tef a aljihun riga. Da suka shiga ofis cike takarda na durƙusa na auna daga roba zuwa roba. Wani mai shara ya tsaya yana kallona.

Wallahi so na yi in tarar ta fi talatin. So na yi in ce sun cuce ta, in samu wanda zan yi wa faɗa.

Ashirin da bakwai da rabi.

Sawu tara ɗin nan bai kai ɗari biyu da hamsin ba. Ita tana ganin saura mata talatin. Saura mata casa'in da 'yan kai.

Na naɗe tef. Na ce wa mai shara maɓallin rigata ne ya faɗi.

Laraba, 20 ga Mayu, da safe

Tarin ya canja murya. Ta ce ba komai. Ba ta taɓa ƙwan ba.

Alhamis, 21 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

An kwantar da ita a asibiti, ɗaki mai gado shida. Nata na jikin taga. Labulen tagar an yi masa kalmasa a karkace, na san da idonta biyu sosai da ta sa an kwance shi.

Tayil ɗin ɗakin santimita arba'in ne kowanne. Goma sha biyar a tsaye, ashirin da biyu a kwance. Akwai ɗaya da ya tsage kusa da tukunyar iskar numfashi.

Auta na hanya.

Doguwa ta zo da abinci, ta tsaya daga bakin ƙofa, ta rufe baki da mayafi, ta koma da kwanonta.

Ba ni na bar tagar gida a buɗe ranar Litinin ba. Ko ni ne. Ban sani ba.

Asabar, 23 ga Mayu, da azahar

Tamanin da huɗu, in ji Likita. Lambar.

Lahadi, 24 ga Mayu, da hantsi

Ta buɗe ido ta dubi taga ta ce, "Wa ya ɗinka wannan?" Auta ta fashe da kuka. Ni na fita duba ko an kulle mota, alhali ba mu zo da mota ba.

Talata, 26 ga Mayu, ƙarfe uku

An sallame mu. Lambar ta sauko ashirin da biyu. Likita ya ce za ta ci gaba da sauka, amma kwana biyar a kwance da irin wannan wuta a jini sukan kwashe abin da aka yi wata ana tarawa. Ya faɗa a gabanta, bai ja ni gefe ba. Na ga ta ji daɗin hakan.

Daga mota zuwa ɗaki ta tsaya sau biyu. Auta ta kai hannu ga kwandon da ke kan kujerar. Uwar ta ce, "Wata bai ƙare ba."

Alhamis, 28 ga Mayu, bayan azahar

Ta matsa sai an kai ta barandar. Mai Agogo ta duba ta sosai kafin ta yarda, ta kuma ajiye kujeru biyu a hanya.

Sawu shida.

Mai Agogo ta rubuta ɗari da tamanin. Ina kallon biron. Auta ta fita da uwarta shan iska, ni na yi zamana a benci.

Na ce, "Malama, ɗari da sittin da biyar ne."

"Na'am, Baba?"

Na fito da tef na gaya mata komai. Na shirya wa abin da na sani: a ce mini wa ya sa ni, a ce shekara nawa ana aiki da barandar nan ba wanda ya yi magana, a kira mai gadi. Na ma shirya amsoshina. Shekara ashirin da shida nake shirya su.

Ta cire takalmi, ta durƙusa da farar rigarta ta kama bakin tef. "Ja mu gani." Muka auna. Ta dubi lambar, ta dubi kabad ɗin ƙarfe da ke ƙarshen barandar, ta dafe goshi.

"Watan jiya aka kawo kabad ɗin nan. Wani ya matsar da robar, ni kuma ban sake aunawa ba. Laifina ne."

Haka kawai. Laifina ne. Ta kira masu ɗaukar kaya aka ja kabad, ta sa na nuna mata daidai inda talatin ta cika, ta shafa jan fenti a wurin don kada roba ta sake yawo. Ta ɗauko fayil goma sha bakwai, duk wanda ya taka barandar tun watan jiya, ta ce yau ba za ta tashi ba sai ta gyara su, ta kuma sanar da likitocinsu.

"Baba, da ka faɗa tun ranar da ka gani."

Na ce tsoro na ji. Ban san zan faɗi haka ba.

Na bar mata tef ɗin. Ta ce ba za ta karɓa ba, na ce aro ne, wurinta zai fi samun aiki.

Juma'a, 29 ga Mayu, ƙarfe goma na safe

Na zauna a gabanta na ce ina da magana biyu. Na faɗi ta barandar. Ta gyaɗa kai. Na buɗe baki zan faɗi ta biyun, ta riga ni.

"Ɗari uku da arba'in."



"Malam, ranar da na karɓi shagon nan, shekara talatin da huɗu da suka wuce, wa ya bi ni da tef yana yi wa mutane burga? Ka ce mini, ɗari uku da arba'in ne, ko minti biyar ba za ki yi ba. Kai ka manta, ni ban manta ba."

"To me ya sa kika aike ni?"

"In fitar da kai daga ɗaki. Da ka dawo ka ce ɗari uku, na ce a raina, yau tef ya yi ƙarya. Darakta da kujerarsa bai samu mita huɗu a wurinka ba, ni ina zaune na samu arba'in." Ta ja numfashi. "Kada ka sake. Amma na karɓa."

Sai ta jawo littafin awonta, wanda take rubuta faɗin taga da tsawon gado na masu kawo ɗinki. A shafin ƙarshe akwai layi ɗaya ba suna. Inci goma sha tara, bara. Goma sha takwas. Goma sha bakwai da rabi. Jiya, goma sha shida. Cinyarta ce. Tun kafin Likita ya zana mana dakarunsa take auna ta duk wata da tef ɗin wuyanta.

"Ka ce ba ka yarda da abin da ba a sa wa tef ba. Ga shi an sa."

Ni da lambar yabo ina danna idon sawu ina neman inda ya ƙaru. Ita da karatunta ya tsaya a aji huɗu ta san inda ya ragu za a duba.

Na ce to a haƙura da gobe. Ta ce Mai Agogo ta ce minti shida na baranda ne, hanya ba ta da agogo, ta je in za ta huta a inda ta gaji kuma a bi ta da magani.

"Sannu ba ta hana zuwa," in ji ni.

"Ƙarasa karin maganar mana, Safiyo. Kullum sai ka rage wani abu."

Asabar, 30 ga Mayu, bayan la'asar

Mun fita ƙarfe takwas, kafin rana ta yi zafi. Ta sa zanen da take sawa in za ta karɓi babban aiki, tef a wuya, makulli a ƙulle a bakin mayafi. Auta na gefenta da maganin shaƙa. Ni ina baya da kujerar, a naɗe, an ce in bar tazara kada ta ji ƙarar tayar.

Famfo, mita casa'in. Ta dafa shi ta tsaya minti huɗu. Matan da ke ɗibar ruwa suka fara sannu, sannu, ta ɗaga musu hannu kamar mai korar kaji.

Bencin mai gyaran takalmi, mita ɗari biyu. Ya share mata wuri da hularsa. "Mai Katifa, ashe ana ganinku?" Ba ta da iskar amsawa. Ta nuna takalminsa da ya ɓare, ta girgiza kai, duk aka yi dariya. Minti tara ta yi a nan. Leɓenta ya canja launi, Auta ta dube ni, na dubi ƙasa. Sannan launin ya dawo, ta miƙe ba tare da ta kama hannun kowa ba. Tashi, zauna, tashi. Ashe na wannan bencin take yi.

Tudun ban iya rubuta shi. Taku goma, tsayawa. Taku takwas, tsayawa. Na san daidai inda mita ɗari uku ta cika, jikin wata ƙofa mai shuɗin fenti. A nan ta tsaya, ta juyo, karo na farko tun fitowarmu, ta dube ni. Sannan ta shiga cikin arba'in ɗin da na rage.

Minti talatin da ɗaya. Ta taka matakalar shagon da ƙafarta.

Doguwa ta saki almakashi ta rangaɗa guɗa. Auta tana kuka tana dariya tana cewa, "Umma, kin ci, makulli naki ne, na janye." Aka zaunar da ita a kujerarta da aka share tun kwana goma sha biyu. Wata mata ta shigo da yadin labule, ta gaishe ta, ta tambayi ko yadi shida zai ishi taga uku. Mai Katifa ta buɗe baki. Ba abin da ya fito. Matar ta jira, ta sake tambaya, a ƙarshe Doguwa ta amsa.

Sai da aka yi kusan rabin awa kafin ta iya haɗa magana. Ta kwance bakin mayafi.

"Doguwa, zo."

"Yaya, don Allah kada ki yi. Kin zo fa. Kowa ya gani."

"Na zo. Wadda ta zo ba ta iya ce wa mai ɗinki sannu da zuwa ba. Shago ba wurin ajiye tsohuwa ba ne." Ta sa mata makullin a tafin hannu ta naɗe yatsun a kai. "So nake in ba ki, ba a karɓa a ba ki ba. Kuma yadi shida ba zai isa ba, tagoginta masu faɗi ne, na san gidan. Ki kira ta ki ce bakwai da rabi."

Ta cire tef daga wuya, ta dube shi, ta mayar. Ta ce wannan tana da sauran aiki da shi.

Sannan ta leƙo waje. "Safiyo, kawo motar taka."

Na buɗe kujerar a gaban matakala. Ta zauna ta gyara zane kamar wadda ta shiga gidan gaba. Gangara ce, ba wuya. A wajen famfo ta ce in daina tafiya kamar mai rakiyar gawa. Ta ce ranar Litinin akwai baranda, kuma yanzu da aka cika ta talatin sai an ƙara ƙwai.

Litinin, 1 ga Yuni, ƙarfe tara na safe

Na duba shafin farko na littafin nan. Na nemi fuskar Darakta a raina, ta ƙi zuwa sosai.

Tana tsakar gida tana ƙirga tashi da zama. Ta kai takwas da murya.

Mai ginin ya sa sunan Doguwa a takarda. Shekara talatin da huɗu, mita ɗari uku da arba'in. Shagon ba nata ba ne yanzu.